Gaiwa: kifin da ke shaƙar iska, da yadda ake kama shi a ƙasar Zazzau

A cikin kifayen da ake kamawa a tafkuna da fadamun arewacin Najeriya, da wuya a sami wanda rayuwarsa ta kai ta gaiwa ban mamaki. Tana shaƙar iska da huhu kamar dabbar tudu, tana kuma iya shafe watannin rani a binne cikin busasshiyar laka, ba ci ba sha.

Wannan hali ne ya sa masunta ke kama ta ta hanyoyi biyu: da ƙugiya a lokacin damina, da kuma fartanya a lokacin rani.

Sai dai kuma wuraren da take samun mafaka, wato fadamu da kududdufai da bakin tafkuna, suna daɗa ƙanƙancewa a kewayen garuruwa irin su Zariya, sakamakon gine-gine da noman rani da gurɓatar ruwa.

Wace ce gaiwa?

Masana kimiyya na kiran gaiwar da ake samu a Afrika ta Yamma da suna Protopterus annectens. Wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Ingila, Richard Owen, shi ne ya yi bayaninta a kimiyyance a shekarar 1839, daga samfurin da aka kai masa daga kogin Gambiya.

Kifaye masu huhu irin nata kala shida ne kacal suka rage a duniya. Huɗu suna Afrika, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya kuma a Ostireliya.

Bisa lissafin masu nazarin ƙasusuwan da suka daskare cikin duwatsu, zuriyar waɗannan kifaye ta kai kimanin shekaru miliyan 400 a bayan ƙasa.

Gaiwa doguwa ce, mulmulalliya, mai launin ƙasa-ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi. Tsawonta kan kai mita ɗaya, nauyinta kuma kimanin kilo 4, ko da yake akasarin waɗanda ake kamawa ba su kai haka ba.

A maimakon fukafukan da aka saba gani a jikin kifi, tana da wasu siraran hannuwa guda huɗu masu kama da igiya, biyu a gaba, biyu a baya, waɗanda take dogarawa da su idan tana tafiya a ƙarƙashin ruwa.

Tana da huhu biyu, kuma babbar gaiwa ba ta iya dogara da iskar da ke cikin ruwa kaɗai. Dole ne ta riƙa ɗagowa tana zuƙar iska lokaci zuwa lokaci. Idan aka danne ta a ƙarƙashin ruwa na tsawon lokaci, mutuwa za ta yi.

Haƙoranta wasu faifai ne masu ƙarfi da kaifi, da su take murƙushe katantanwa da ƙaguwa da kwaɗi da ƙananan kifaye. Takan kuma ci 'ya'yan itatuwa da saiwoyi.

A shekarar 2021 ne masana suka wallafa cikakken kundin ƙwayoyin gadon gaiwa, inda aka gano cewa ya ninka na ɗan Adam girma har sau 13.

Barcin rani

Idan ruwan fadama ya fara janyewa bayan kaka, sauran kifaye kan bi ruwa zuwa gulbi, ko kuma su mutu a inda ruwa ya bar su. Gaiwa kuwa sai ta nutsa cikin laka, tana gatsar ta da baki tana fitar da ita ta gefen kumatunta, har ta haƙa rami wanda zurfinsa bai cika wuce kamu ɗaya ba.

A ƙarshen ramin sai ta naɗe jikinta, kanta na kallon sama, wutsiyarta ta rufe fuskarta. Daga nan sai jikinta ya fitar da yauƙi mai yawa, wanda zai bushe ya zama wata siririyar jaka mai kama da takarda, ya lulluɓe ta gaba ɗaya, in ban da wata 'yar kafa da ke daidai bakinta, wadda iska ke shiga ta ciki.

A wannan hali bugun zuciyarta da numfashinta suna raguwa ƙwarai. Ba ta yin fitsari. Dattin da ya kamata ta fitar sai jikinta ya mai da shi sinadarin yuriya, irin wanda manoma suka sani a takin zamani, ya adana shi har ruwa ya dawo.

Abincinta kuwa daga tsokar jikinta ne da ɗan kitsen da ta tara. Ashe ke nan Hausawa ba su yi kuskure ba da suke cewa gaiwa jikinta take ci, maganar da ake buga misali da ita ga ɗan kasuwar da ya koma cin uwar kuɗinsa.

A daji wannan barci kan ɗauki watanni bakwai zuwa takwas, gwargwadon tsawon rani. A ɗakunan bincike kuwa an ga gaiwar da ta haura shekaru uku a cikin jakarta, aka jiƙa ta kuma ta farfaɗo.

Da saukar ruwan sama mai ƙarfi, jakar kan jiƙe ta narke, gaiwa ta fito a rame, da matsananciyar yunwa.

Ba da jimawa ba sai haihuwa ta kankama. Ana haƙa rami a cikin ciyawar ruwa marar zurfi, mace ta zuba ƙwai, namiji kuma ya tsaya gadi, yana kaɗa wutsiya domin ruwan ramin ya riƙa samun iska. Ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kimanin mako guda, 'ya'yan kuma su fito da siffa irin ta talibambam.

Ruwayen Zariya

Garin Zariya yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma ruwan ya fi ƙarfi a watan Agusta. Sauran watannin rani ne. Irin wannan yanayi na ambaliya da ƙafewa shi ne ya dace da rayuwar gaiwa.

Babban kogin yankin shi ne Galma, wanda ke zuba a kogin Kaduna, shi kuma Kaduna ya zuba a Kwara. Kogin Kubanni kuma yana tasowa ne daga wajen Shika, ya ratsa Samaru, ya bi tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, kana ya haɗu da Galma.

A shekarun 1970 aka datse waɗannan koguna biyu domin samar da ruwan sha. An yi madatsar ruwa ta Zariya a kan Galma, sa'annan Jami'ar Ahmadu Bello ta yi tata a kan Kubanni a Samaru. Daga baya kuma aka gina wata babbar madatsar a kan Galma, a Kuzuntu cikin ƙaramar hukumar Kubau.

Waɗannan madatsu sun samar da tafkuna masu ruwa rani da damina, abin da ya ba masunta damar yin su duk shekara. Amma a lokaci guda sun sauya yadda ruwa ke malala cikin fadamun da ke ƙasa da su.

Baya ga koguna da madatsu, akwai kududdufai. Birnin Zariya da unguwannin da ke kewaye da shi, ciki har da Tudun Wada, wadda aka kafa a zamanin Turawan mulkin mallaka domin 'yan Arewa baƙi, sun daɗe suna haƙar ƙasar gini a kusa da gidajensu. Ramukan da aka bari su ne ke tara ruwa da damina, su zama matattarar tarwaɗa da kwaɗi, kuma a nan yara da yawa suka fara koyon jefa fatsa.

Daga wannan al'ada ta gini da ƙasar fadama ne aka sami labarin da ake bayarwa a sassa da dama na Afrika, na gaiwar da aka kwaɓa cikin tubali ba a sani ba, sai da ruwan damina ya jiƙa katanga ta faɗo.

Kamun damina

Da damina, ana neman gaiwa ne a ruwa marar zurfi, mai ciyawa da laka, inda ruwa ba ya gudu sosai. Tsakiyar tafki ba wurinta ba ne.

Masunci mai lura yakan gane inda take ta hanyar ɗagowar da take yi domin shaƙar iska. Takan fito da bakinta kaɗan, ta zuƙa, ta koma, ta bar ɗan kumfa a saman ruwa. Ta fi yawo da almuru da cikin dare.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙugiya mai ƙwari, wadda aka saƙala wa tana, ko ɗan kwaɗo, ko yankan kifi. Gaiwa da ƙanshi take neman abinci fiye da gani, domin idanunta ƙanana ne, saboda haka ake barin abincin ƙugiyar ya kwanta a ƙasa kusa da ciyawa.

Tun da haƙoranta na iya datse zare, masunta kan haɗa ɗan guntun waya tsakanin ƙugiya da igiya.

Wasu kan kafa ƙugiyoyi da yawa a jikin doguwar igiya guda, su ɗaure ta tsakanin turaku biyu da yamma, su dawo dubawa da asuba.

Akwai kuma tarkon da ake kira mali, ko gura, wanda ake yi da ƙarare da raga, mai ƙofofin da kifi ke shiga ya kasa fita. A nan akwai abin lura: idan tarkon ya nutse gaba ɗaya, gaiwar da ta shiga za ta rasa iska ta mutu, ta kuma fara lalacewa kafin mai tarkon ya iso. Don haka ake barin samansa a waje.

Cire ta daga ƙugiya ma sai da hattara. Jikinta santsi ne da shi, cizonta kuma yana iya yi wa yatsa mummunan rauni. A bayan kai ake damƙe ta, wasu kuma kan barbaɗa mata yashi ko toka kafin su riƙe.

Haƙar rani

Kamun rani ya fi kama da farauta. Bayan ruwan fadama ya ƙafe, ƙasa ta daddare, masu neman gaiwa kan bi wuraren da ruwa ya fi daɗewa kafin ya bushe, suna duba ƙasa a tsanake.

Alamar da suke nema ita ce wata 'yar kafa, ko ɗan tudun laka da ya toshe bakin rami. Idan an same ta, sai a haƙa ta gefe da fartanya ko dagi, a ciro dunƙulen ƙasar gaba ɗaya, domin sarar kai tsaye na iya raba kifin biyu.

Gaiwar da aka fasa wa jakarta takan yi wani ɗan ƙara kamar gurnani, ta kuma kai cizo.

Amfanin wannan hanya shi ne, muddin ba a fasa jakar ba, ana iya ajiye dunƙulen a inuwa na tsawon makonni, kifin na nan da ransa. A zamanin da babu firji, wannan wata hanya ce ta samun ɗanyen kifi a tsakiyar bazara.

Illarta kuwa ita ce, duk gaiwar da aka haƙo da rani, ita ce uwar da za ta hayayyafa da damina. Idan aka tsefe fadama guda kakaf, sai dai a jira ambaliya ta kawo wasu daga wani wuri.

Sauran masu shaƙar iska

Gaiwa ba ita kaɗai ce ke shaƙar iska a ruwayen Arewa ba. Ruwan fadama mai ɗumi da ruɓaɓɓiyar ciyawa ba ya riƙe iskar oksijin sosai, saboda haka kifaye da dama na irin wannan wuri suna da wata dabarar ta daban.

Tarwaɗa na da wata gaɓa mai rassa kamar bishiya a cikin kanta, wadda take numfashi da ita. Shi ya sa take daɗewa ba ta mutu ba a cikin baho a kasuwa, take kuma iya jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa daga wannan kududdufi zuwa wancan. Wannan juriya ce ta mai da ita kifin da aka fi kiwo a Najeriya.

Bargi yana zuƙar iska cikin jakar iskar da ke cikinsa, yana kuma gina sheƙa zagayayyiya mai faɗin kimanin mita ɗaya a cikin ciyawa.

Gartsa, mai taurin ɓawo da jerin ƙayoyi a gadon baya, ita ma huhu biyu gare ta. Wani masani daga Jami'ar Kambirij, John Samuel Budgett, ya yi tafiye-tafiye zuwa Gambiya da Yuganda da Najeriya domin gano yadda take haihuwa. Ya cimma burinsa a yankin Neja Delta a shekarar 1903, amma zazzaɓin da ya kwaso ya yi ajalinsa a farkon 1904.

Sai kuma ɗan sarki, wanda tsawonsa kan haura mita ɗaya da rabi. Yana da dogon fiffike a gadon baya, wanda yake kaɗawa kamar igiyar ruwa, ya yi gaba ko baya ba tare da ya lanƙwasa jikinsa ba. A shekarar 1951 wani masani mai suna Hans Lissmann ya gano cewa ɗan sarki na fitar da wutar lantarki marar ƙarfi, wadda yake gane abin da ke kewaye da shi da ita a cikin gurɓataccen ruwa. Wannan ya bambanta da minjirya, wadda wutarta ke girgiza mutum.

Ɗan sarki yana da tsada musamman a kudu maso yammacin Najeriya, inda Yarbawa ke sa shi cikin kayan aure.

Takwararta a Amurka

A gabashin Amurka da kudancin Kanada akwai wani kifi da ake kira bofin, wanda rayuwarsa ta yi kama da ta waɗannan kifaye, ko da yake ba danginsu ba ne na kusa. Ana samunsa a kwarin kogin Misisipi, da manyan tafkunan da ke kan iyakar ƙasashen biyu, da fadamun jihohin kudu irin su Luwiziyana da Fulorida.

Shi ma tsohuwar zuriya ce da 'yan uwanta suka ƙare. An daɗe ana ɗaukar cewa kala ɗaya ne ya rage, sai a shekarar 2022 bincike ya nuna cewa kala biyu ne.

Bofin yana zuƙar iska cikin jakar iskarsa kamar bargi, yana da dogon fiffiken baya kamar ɗan sarki, namijinsa kuma yana share wuri a cikin ciyawa ya tsare ƙwai kamar gaiwa, har ma ya riƙa raka ayarin 'ya'yansa bayan sun ƙyanƙyashe.

Masu kamun kifi don nishaɗi suna neman sa a bakin tafki mai ciyawa, da yankan kifi a ƙugiya, su ma kuma suna haɗa waya saboda haƙoransa. Sun san shi da tsananin kokawa. Mafi girma da aka taɓa rubutawa a kundin gasa ya kai kusan kilo 10, an kama shi ne a jihar Karolina ta Kudu a shekarar 1980.

Shekara da shekaru Amurkawa da yawa sun ɗauke shi kifin banza, saboda namansa kan yi laushi ya dagargaje idan ba a dafa shi nan take ba, da kuma zaton cewa yana cinye kifayen da suka fi so. Wasu kan kama shi su yar a bakin ruwa. Masana kuwa sun nuna cewa yana taimakawa wajen hana ƙananan kifaye yin yawan da zai tsumburar da su.

A Luwiziyana kuwa ana cin sa, ana kuma sarrafa ƙwansa a sayar da tsada.

Wata matsalar ta taso masa a shekarar 2002, lokacin da aka gano wani baƙon kifi daga nahiyar Asiya a wani kududdufi a jihar Merilan. Hukumomi suka umarci a kashe duk wanda aka kama, sai wasu masunta suka riƙa kashe bofin bisa kuskure, saboda kamar da suka yi. Wannan baƙon kifi ɗan uwan tufi ne, wanda masuntan Najeriya suka sani.

Matsayinta a tukunya

A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin arewacin Najeriya ke bi, dabbar ruwa halal ce ba tare da yanka ba, ko da kuwa tana iya daɗewa da rai a tudu. Saboda haka babu wata tababa game da cin gaiwa ta fuskar shari'a.

Duk da haka ba kowa ke cin ta ba. Wasu na ƙyamar ta saboda kamar da ta yi da maciji, wasu kuma saboda ƙanshin laka. Masu son ta kuwa suna yaba ta da yawan tsoka da ƙarancin ƙaya, kasancewar akasarin ƙashinta guringuntsi ne.

Ana wanke yauƙinta da toka ko ruwan zafi, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a yi farfesu ko a yi banda.

Wanda ya shiga kasuwar Tudun Wada a yau zai fi cin karo da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje, da tarwaɗar kiwo, da bandar da ake kawowa daga nesa. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha bayarwa a shekarun baya sun nuna cewa Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa a lokacin bai wuce tan miliyan 1.2 ba.

Hatta bandar ma ta fuskanci cikas. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 sakamakon farin shekarun 1970 da 1980. Rikicin Boko Haram kuma, musamman harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015, ya durƙusar da kasuwar kifin garin na tsawon shekaru.

Wannan giɓi ne ya sa kifin ƙananan ruwaye ke da muhimmanci ga talaka. Hausawa na cewa kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, amma shi ne ya fi kusa da tukunyar mutumin ƙauye.

Barazanar da ake fuskanta

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sanya gaiwa cikin halittun da ke fuskantar haɗarin ƙarewa ba, kasancewar tana bazu daga Senegal har zuwa tafkin Chadi da gaba. Amma ɓacewa daga fadama guda ko gari guda abu ne mai sauƙin faruwa.

Abu na farko shi ne noman rani. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da aka fara shirin bunƙasa fadama da tallafin Bankin Duniya, injinan ban ruwa suka yawaita a gaɓar koguna irin su Galma. Wannan ya ƙara wa manoman tumatir da albasa da rake arziki, amma huɗar rani tana fasa jakunkunan gaiwar da ke kwance a ƙasa.

Na biyu shi ne gini. Ana cike kududdufai da shara a gina gidaje a kai, ana kuma yanka filaye har cikin hanyar ruwa. Illar ba ta tsaya ga kifi ba, domin ruwan da kududdufi ya saba riƙewa yakan koma cikin gidaje da damina.

Na uku shi ne gurɓatar ruwa. Kubanni na ɗebe dattin unguwannin da yake ratsawa, kuma binciken da malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka sha gudanarwa ya nuna alamun ƙarafa masu guba, irin su dalma, a ruwa da laka da kifayen Kubanni da Galma. Kifin da ke zaune cikin laka yana kuma cin wasu halittu, shi ya fi tara irin wannan guba a jikinsa. Kazalika bincike ya nuna cewa yashi da laka na cike madatsar Kubanni sannu a hankali.

Na huɗu shi ne miyagun hanyoyin su. A da ana daka ganyen magimfa a zuba a ruwa domin bugar da kifi. Daga baya wasu suka koma ga maganin ƙwari irin su Gamalin 20, wanda sinadarin da ke cikinsa ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta a shekarar 2009. Irin wannan guba na kashe babba da yaro, tana kuma cutar da wanda ya ci kifin. Akwai kuma masu jan gidan sauro a matsayin taru, suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ko'ina ba.

Raguwar gaiwa na iya shafar lafiyar jama'a ta wata fuskar. Katantanwar ruwa ce ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke addabar masunta da manoman fadama da yara masu wanka a kududdufi. Wani bincike da aka yi a Sudan a shekarun 1980 ya nuna cewa gaiwa na cin irin wannan katantanwa da yawa.

Doka da al'ada

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta shekarar 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da wutar lantarki wajen kama kifi a Najeriya, ta kuma ƙayyade girman idon raga. Jihohi ma na da nasu dokokin. Matsalar ita ce aiwatarwa, musamman a ƙananan ruwayen da jami'ai ba su cika lekawa ba.

Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji bayan kammala madatsar a shekarar 1968, ita ce ke da alhakin nazarin irin waɗannan kifaye da ba da shawara a kansu.

Kafin zuwan waɗannan dokoki, ƙasar Hausa na da nata tsarin. Sarkin Ruwa ne ke da ikon rufe wani gurbi, ya hana taɓa shi sai ranar da aka sa, ya kuma hukunta wanda ya saɓa.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Argungu, inda ake killace gurbin Matan Fada sai lokacin bikin su, ba a kuma yarda a shiga da komai ba sai koma da gora. An fara bikin a sigarsa ta yanzu a shekarar 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Matakan da masana harkar kifi ke bayar da shawara a kansu ba su yi nisa da wannan tsari ba: a daina kamu a farkon damina lokacin da namiji ke gadin ƙwai, a bar wani sashe na kowace fadama ba huɗa ba haƙa, a mayar da ƙananan kifaye ruwa, a kuma kai rahoton masu zuba guba ga Sarkin Ruwa ko hukuma.

Gaiwa na iya jure watanni takwas babu ruwa. Abin da take buƙata shi ne ta tarar da fadamarta na nan a lokacin da damina ta dawo.